Ƙullun Rogon da Ya Ƙi Fita

Tunda ka ce ba za ka huta ba sai ka burge maigidanka, ƙanena, tsaya ka ji abin da ya sami wani mutum a masana'antar sitacin rogo. Aikinsa kula da tankin ƙullu, wani ƙaton tanki mai faɗin masussuka. Ruwan niƙan rogo yana shiga ta tsakiya, ƙullu ya kwanta a ƙasa, ruwa ya tsiyaye ta baki. Can ƙasa akwai hannuwan ƙarfe da inji ke juyawa a hankali, suna tura ƙullun zuwa famfon da ke fitar da shi. Wata uku aka ba shi na gwaji, saura mako guda, ga mata da 'ya'ya huɗu ya kwaso daga ƙauye. Rannan manaja ya zo wucewa, ya tsoma yatsa a ƙullun da ke fitowa ya ce, "Yau kamar ya yi ruwa-ruwa," ya wuce abinsa. Shi ke nan fa, bawan Allah ya kasa cin abinci. Washegari da safe ya rufe famfon ƙasa ruf, wai ƙullu ya daɗe a ciki ya yi kauri, don in manaja ya dawo ya ga aiki.

To, ka san halin sitaci, in ya kwanta ya daɗe sai ya daskare kamar daɓe. Kafin azahar inji ya fara gurnani. Ya ji, wallahi ya ji! Ya kai hannu ga famfon ya janye ya fi sau uku, yana cewa bari dai a ƙara rabin awa. Ya leƙa sama ya ga ruwa garau, ya ce ai lafiya. Sai da gurnanin ya koma kuka ya ruga ya buɗe, ko ɗigo bai fito ba. Yana tsaye a wurin, sandar ƙarfen da ke riƙe da hannuwan ta karye. Kwana biyar ana haƙar tankin da diga da shebur, masana'anta a tsaye cik. Ranar da ya kamata a tabbatar masa da aikinsa, ranar aka miƙa masa takardar sallama, ya tsaya a bakin ƙofa ya rasa abin da zai je ya faɗa wa iyalinsa. Ni har yau in na tuna shi tausayi ke kama ni. Hausawa sun gama magana da suka ce garin neman gira a rasa ido.