Ƙofar Masu Natsuwa

Tun da aka kafa dokar natsuwa, ƙofar asibitin birni ba ta buɗuwa sai ga wanda awarwaron auna damuwa da ke hannunsa ya nuna kore. Na Iya Tabawa kuwa tun safe ja wur yake. Ɗanta Sallau na kwance a ciki, kwanon fatensa na hucewa a cinyarta.

"Iya, sai haƙuri," in ji mai gadi. "Damuwa tana kama majinyata. Je ki inuwa ki sanyaya ranki."

Babu abin da ba ta gwada ba a gindin darbejiyar da ke bakin ƙofar. Ta sha shayin na'ana'a, ta ja carbi, ta bari aka yi mata tausar kafaɗu. Da jan ya fara dusashewa sai ta tuna tarin Sallau, ya sake rinewa.

Wata tsohuwa da ta saba shiga ta raɗa mata, "Ki ɗauka ɗan wani ne. Haka muke yi."

"Ni na haife shi," Iya ta ce, ta kau da kai.

Bayan la'asar wata ma'aikaciyar jinya ta fito tana cigiyar mahaifiyar Sallau, hularsa a ninke a hannunta. Iya ta dubi hular, ta yi salati ƙasa-ƙasa. Abin da take tsoro ya riga ya faru, babu sauran fargaba.

Awarwaron ya koma kore shar. Ƙofa ta buɗe da kanta.

"Madalla, Iya," in ji mai gadi. "Kin ga amfanin kwantar da hankali."