Fitilar da Aka Zura a Rijiyar Kwari

Kai Tanimu, da gemunka da 'ya'yanka uku za ka tsugunna gabana kana tambayata wai ko ka bi masu injin nan da ke huda ƙasa suna neman iskar gas a cikin kwal? Ai na ga jakarka a bayan ƙofa, ka riga ka ɗaure ta. Mai tambayar gaskiya tun kafin ya haɗa kaya yake tambaya. Kuma wai don ka yi aikin burtsatse shekara huɗu, shi ke nan ƙasa duk ɗaya ce a wurinka. To, ni ban taɓa zama a aji ba, amma gyara zama ka ji.

An yi wani mai haƙar rijiya, gwani na gaske, wanda ya gaji sana'ar wurin ubansa. A ƙasarsu ta yashi da marmara ya haƙa rijiyoyi har ya daina ƙirgawa. Abu ɗaya uban ya dasa masa a kai: kullum kafin ka sauka, ka ɗaura fitila a igiya ka zura. In ta mutu, akwai muguwar iska a ƙasa, kada ka shiga. In ta ci gaba da ci, sai bismilla. Wannan ya tsare masa rai shekara talatin. Wani rani aka kira shi wani gari can kudu, ƙasar tuddai. Rijiyar farko a kan tudu ya haƙa ta. Da ya kai gaba shida, dagi ya faɗa kan wani baƙin dutse mai ɓarewa kamar gawayi, busasshe ƙamas, dutsen da ke samansa kuwa duk tsaga ne. Ya ratsa shi ya wuce, ya sami ruwa, lafiya lau. Sai mai gari ya ce a ƙara ta biyu a kwari. Tsofaffi suka ce kakanninsu ba sa haƙa a kwarin nan. Ya tambayi dalili, ba wanda ya sani, ya yi dariya ya ɗauki dagi.

A kwari ƙasar ta sake hali. Yumɓu ne mai danƙo, kaurinsa gaba huɗu, babu kafar da ko allura za ta bi. Da ƙyar ya huda shi, sai ga baƙin dutsen nan dai, amma a jiƙe sharkaf, ruwa na tsattsafowa ta ko'ina. Ya ƙwanƙwasa shi da dagi ya ce, "Kai ne? Ai mun san juna." Ya sa aka yi ta kwashe ruwa da guga kwana biyu don ya sami wurin tsayawa. Ruwa na raguwa, sai ya fara jin wani sauti siriri a bango, kamar maciji na huci. Ya duba, babu maciji. Ya sunkuya, sai ya ga ɗan ruwan da ya rage yana tsirto ƙananan kumfa kamar tukunya za ta tafasa, ga shi kuwa sanyi ƙalau. Ya shinshina, babu wari. Kansa ya yi nauyi, ya girgiza igiya aka jawo shi. Bai faɗa wa kowa ba, kada a ce gwani ya tsorata.

Abin da bai sani ba, dutsen nan kwal ne, iskar gas mai kama wuta ce ƙunshe a cikinsa. Na kan tudu ya daɗe da fitar da tasa ta tsagogi tun ba a haifi kowa ba. Na kwari yumɓu ya rufe shi kamar murfi, ruwa kuma ya danne shi. Shi da hannunsa ya cire murfin, ya kuma kwashe abin da ke dannewa.

Da safe ya zo bakin rijiya, ya ja ya tsaya bai sauka ba. Hucin nan har daga sama ana ji. Sai ya koma ga abin da bai taɓa cin amanarsa ba. Ya ce mutane su ja da baya, ya kunna fitila, ya kwanta rub da ciki, ya leƙa da kansa, yana sakin igiya a hankali, yana jiran ta mutu. Ba ta mutu ba. Harshenta ma tsawo ya ƙara, ya koma shuɗi. Hankalinsa ya kwanta, har ya buɗe baki zai yi hamdala. Nan rijiya ta yi ruri. Wuta ta taso ta wuce tsayin wata tsamiya da ke gefe. Da ƙafa aka janye shi, babu gemu, babu gira, babu idanu. Kwana tara wuta na ci a kan ruwa, mutanen gari ba mai bi ta kwarin. 'Yan uwansa suka zo suka tafi da shi riƙe da sanda. Har ya mutu, duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya kama hannunsa ya ce, "Fitilar fa ba ta mutu ba. Ina na yi kuskure?" Bai yi sakaci ba, bai tsallake ko ɗaya daga abin da aka koya masa ba. Gwajin ƙasar ubansa ya kai ƙasar da ba ta san ubansa ba. Shi ya sa Hausawa suka ce rashin sani ya fi dare duhu.

Ku kuma yara da kuka laɓe bayan turmi kun saki baki, wa ya kira ku? Maza ku wanke ƙafa, kowa ya nemi shimfiɗarsa.