Ofis a Zauren Baba

Da la'asar Lauratu ta fito zance ba fara'a.

"Malam Khubaib, Kawu ya yi bincike a kanka. Duk Tudun Wada an ce ba ka fita aiki, kullum kana ɗaki. Baba ya ce ba zai ba zauna-gari-banza 'yarsa ba."

Khubaib ya ce, "Fassara nake yi wa kamfanonin waje ta kwamfuta. Kowace kalma da kuɗinta. Wani watan a samu sosai, wani watan shiru."

"Na faɗa masa, har da shirun."

"Sai ya ce me?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

"Ya ce gobe ka wuni a zaurenmu kana aikin, ya gani da idonsa." Murmushi ya suɓuce mata. "Har na share, na ja maka wayar wuta."