Mai Kitso da Kwantaccen Ciki

Matso nan kusa da ni, 'yar nan. Mahaifiyarki ta ce mako uku ke nan da likita ta tura ki hoton ciki, kullum sai ki ce gobe. Ba faɗa zan yi miki ba, misali zan ba ki.

An yi wata mai kitso a tsohuwar unguwarmu, mace mai sanyin hannu, wadda ko yarinya mai tsoron kitso barci take yi a cinyarta. Shekara goma sha ɗaya tana ɗakin miji, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ana nan sai mararta ta fara tasowa. Matan da ke ɗora kai a cinyarta su suka fara lura, kuma kin san bakin mata a gidan kitso, kafin la'asar labari ya gama unguwa. Mijinta, wani manomi marar yawan magana, ya sayo ɗan rago ya ɗaure. Da ta je awo, ma'aikaciyar jinya ta lalluba cikin, ta daɗe tana saurare ba ta ji bugun zuciya ba, sai ta rubuta mata takarda ta ce ta je a yi hoto a ga abin da ke ciki. Baiwar Allah ta ninke takardar ta tura ƙarƙashin katifa. Wata tara ya zo ya wuce shiru, jini kuma yana zubar mata fiye da kima. Tsofaffi suka ce ai cikin kwanciya ya yi, suka kawo saiwoyin tayar da shi, ita kuwa ta karɓi maganar hannu bibbiyu. Ni dai ban ga laifinta ba, wallahi har yau tausayi take ba ni. Wadda aka daɗe ana yi wa kallon juya, yau ana ce mata sannu mai ciki, ana karɓe mata bokitin ruwa a hanya, yaya za ta kai kanta inda za a ce mata babu? Mijin ma ya yi zargi, amma duk ran da ya buɗe baki sai ya ga fara'arta, ya haɗiye maganarsa.

Shekara uku ana haka. Ƙahon rago ya murɗe, ciki ya yi girman da masu zuwa kitso ba sa samun wurin ɗora kai, ita kuma ta ɗashe ta rame, ko tsifar kai ɗaya sai ta huta. Ran da jiri ya kayar da ita a bakin murhu aka kwashe ta zuwa babban asibiti. Hoton da ta yi shekara uku tana gudu bai ci minti goma ba: aka shafa mata wani abu mai sanyi a ciki, aka goga na'ura, shi ke nan. Ba ɗa ba ne, ƙari ne a mahaifa, ya kai girman kabewa. Aka ƙara mata jini, aka yi tiyata, ta rayu, amma dole aka cire mahaifar gaba ɗaya. Likitar ta gaya wa mijin cewa da sun zo tun ƙarin yana kamar lemon tsami, da shi kaɗai za a yanke a bar mata mahaifarta, kuma mata da yawa sun haihu bayan irin wannan aiki. Da na je duba ta, ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, ni fa na sani. Tun da wata biyar ya wuce ban ji motsi ba na sani. Tsoro nake ji a faɗa mini."

To, 'yar nan, hoto ba ya sa wa mutum cuta, abin da ke nan yake nunawa tun da sauran dabara. Ki yi haƙuri da kalmar, Hausawa ba sa tauna magana: barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.