Fim Ɗin da Shamsu Ya Kasa Kallo

Ranar nan duk Doha ƙwallo ake kallo, ban da shagon gyaran gashin da Haulat ke aiki. Fim ɗin Tamil uwar ɗakinta ta kunna: ɗan fashi ya fito daga kurkuku, ya tarar an binne mahaifiyarsa.

Shamsu, saurayin Haulat, da kayan gadi a jikinsa, ya tsaya bakin ƙofa ya kau da kai.

"Labarina ke nan, Haulat. Shekara huɗu na yi a kurkuku, ko gawar Inna ban gani ba. Da yayanki ya ji, ya ce khalas, maganar aurenmu ta ƙare."

Haulat ta ɗaga waya ta kira yayanta.

"Yaya Uwais, shimfiɗa darduma. Ga Shamsu nan zuwa gaishe ka, kuma ni na turo shi."