Rigar da Ta Ƙi Fita

Tunda kin ce gyaran sai daga baya, zauna ki ji abin da ya sami wata ɗaliba a makarantar koyon zanen tufafi.

A zangonsu na farko malamarsu ta hana su taɓa atamfa ko shadda. Ta ce kowa ya nemo abin da ake zubarwa ya yi riga da shi, rigar da za ta faɗi magana ba tare da an buɗe baki ba. Ranar jarrabawa kuma sai mutum ya sa ta ya taka daga ƙofar aji zuwa allo. Wanda tasa ba ta sawu ba ya faɗi. Ita wannan ɗaliba sai ta tuna da rumbun kakarta a ƙauye, mai ƙaton ciki da tsukakken wuya, wanda gida duka ke ci daga cikinsa. Ta ce a ranta, ai mace ma haka take. Ta je inda ake wani gini ta roƙi takardun buhun siminti, ta kakkaɓe su, ta dama garin rogo ya yi kauri. Ta naɗa wa mutum-mutumin da ake gwada kaya a kansa tsummoki har ya yi tumbi, sannan ta shiga liƙa takarda bisa takarda, tana shafawa da tafin hannu kamar mai yaɓe. Ta kwaɓa jar ƙasa ta bi jikin, ta saƙa busasshiyar ciyawa a kafaɗa ta zama jinka. 'Yan aji suka riƙa barin nasu aikin suna zuwa kallo, ita kuwa daɗi kamar ya kashe ta. A rana ta biyu malamar ta tsaya a kanta, ta danna takardar da yatsa ta ji da sauran danshi, ta ce, "Ta ina mutum zai shiga?" Ɗalibar ta ce, "Malama, in na tsaga yanzu siffar za ta ɓaci. Bari ta bushe tukuna." Malamar ta wuce.

Kwana huɗu rigar ta yi a rana, ta bushe ƙamas, in an ƙwanƙwasa sai ta amsa kamar ƙwarya. Da safiyar jarrabawa ƙawarta da ta yarda za ta sa rigar a madadinta ta cire mayafi tana jira. Suka zo cire rigar daga jikin mutum-mutumin, suka ja ta sama, wuya ya riƙe. Suka ja ta ƙasa, ta maƙale a kafaɗa. Ɗalibar ta kawo almakashi, ya ƙi ci. Ta sa wuƙa ta danna, sai rigar ta dare daga wuya har ƙasa, wani ɓangare ya ɓalle ya faɗi, jar ƙasa ta zube a kan ƙafafunta. Ta tsaya da wuƙar a hannu tana kallon sauran 'yan aji suna takawa ɗaya bayan ɗaya cikin rigunan leda da na kwali, waɗanda ko rabin kyan tata ba su kai ba. Da aka kira sunanta ba ta da abin nunawa. Ta faɗi, aka ce sai ta sake a zango mai zuwa.

Ta sake ɗin kuwa. Wannan karon tun takardar na jiƙe ta tsaga bayan rigar, ta lanƙwasa bakin, ta huda ramukan zare da tsinke. Aikin bai kai minti goma ba. Rashin yinsa a kan kari ne ya ci mata wata uku.

Shi ya sa Hausawa suka ce, tun ran gini, tun ran zane.