Igiyar da Aka Naɗe a Turke

Ka ce mini aikinku yana sauyawa, amma kuna jira sai abin ya matso sannan ku gyara zama. To, saurara in ba ka misali.

An yi wasu mahaƙa rijiya ƙungiya biyu a gari ɗaya, kowace da maigidanta. A zamanin iyayensu gaba takwas ake haƙawa a tarar da ruwa. Wanda ke ciki in yana so a ja ƙasa ko a fito da shi, sai ya ɗaga murya na sama su ji. Sannu a hankali ruwa ya riƙa gudu ƙasa, bana gaba goma, baɗi sha biyu. Maigida na farko ya lura, sai ya shiga 'yan gyare-gyaren da ba su taka kara sun karya ba. Ya ƙaro siririyar igiya da ake ɗaurawa a ƙugun mai haƙa, ya ware mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai riƙe ta yana jin motsinta. Ya rage zaman ciki. Ya sa ana zura fitila kafin mutum ya sauka, in ta mutu a dakata. Ko ramin da bai wuce tsayin mutum biyu ba, haka yake sa su yi, kullum, har hannuwansu suka saba. Maigida na biyu kuwa gwani ne, shekara ashirin da shida yana aikin bai taɓa rasa ko yatsan wani ba. In ya wuce ya ga ƙato zaune da siririyar igiya a hannu sai ya ce, "Sannu masunci, kifi nawa yau?" Mutanensa su bushe da dariya. A ganinsa an ɓata hannu biyu ne a banza. Ya ce a ransa, ran da rijiya ta yi zurfin da ake tsoro, ai igiya ba ta da wuyar ɗaurawa.

Ranar kuwa ta zo. Aka ba shi rijiyar wani ƙauye, suka kai gaba sha bakwai babu ko danshi. Ran Laraba da safe ya leƙa, ya yi kira, ya ji muryarsa ta narke kafin ta dawo, sai ya gane an kai zurfin da ake tsoro. Mai sauka ranar ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mai 'ya'ya huɗu. Ya aika aka sayo igiya a kasuwa, ya ɗaura masa a ƙugu da hannunsa, ya ce in ya ji numfashi na yi masa wuya ya ja. Ƙanen ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ashe mu ma mun zama masunta." Ya sauka. Maigida ya danƙa bakin igiyar ga ɗaya daga cikin mutanensa, ya yi masa bayani, mutumin ya ce ya ji. Ya kuwa ji. Amma da kira ya taso can ƙasa-ƙasa cewa guga ya cika, sai ya ga 'yan'uwansa uku suna nishi shi yana zaune, abin da bai taɓa yi ba tun yana saurayi. Kunya ta kama shi, ya naɗe igiyar a wani turke da ke kusa ya tashi ya kama musu. Maigida yana tsaye, ya gani, bai hana shi ba, don abin da idonsa ya saba da shi ke nan, mutum huɗu a kan babbar igiya, kunnuwa a bakin rami. Suka juye ƙasa, suka mayar da guga, suka tsaya jiran kira. Shiru. Suka ce sara yake yi. Ba wanda ya tuna cewa wanda numfashi ya ƙwace wa ba shi da murya. Sai da inuwa ta matsa taki guda sannan maigida ya waiwaya, ya ga turken ya sunkuya wajen rijiya, ƙasar gindinsa ta tsattsage, igiyar a miƙe, ta daina motsi. Da suka fito da ƙanen, tafukan hannunsa duk sun ɗaye saboda ja. Kafin la'asar aka kai shi makwanci.

Maigidan ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan wannan, bai ƙara leƙa rijiya ba. Bai taɓa zargin wanda ya naɗe igiyar ba. Yakan ce shi igiya ya saya da safen nan, amma hannun da zai riƙe ta ba a sayar da shi a kasuwa. Ɗaya ƙungiyar ce ta ƙarasa rijiyar, ta sami ruwa a gaba ashirin da ɗaya, ba wanda ya yi ko tari. Gaskiyar masu iya magana ne da suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.